Maka, Ba Miki Ba

...kuma yau ma ya sake. Ina goge masa ƙafa da tawul, ruwan baho ya fara hucewa, sai ga hannun Baba ya lalubo kaina. "Allah ya yi maka albarka."

Maka, Yaya. Kana ji? Ni ce fa, 'yarsa, hannunsa a kan ɗankwalina, amma kai yake gani. Kai da ko a waya sai an yi sa'a ake samunka.

Likita ya ce a daina yi masa gyara, ƙara rikicewa yake yi. To, na daina.

Albarka... ai shi ya koya mana ita. A ɗakin nan, lokacin yana koyarwa, hannun rigarsa duk alli. Wai daga Larabci ta zo, dangin kalmar da ake faɗa idan raƙumi ya durƙusa ya kafe wuri ɗaya. Alherin da ya sauka ya zauna, ya ƙi tashi. Wai "barka" ɗin da muke gaisawa da ita ma gidansu ɗaya. Ka faɗi ƙasa kana kukan raƙumi, ya yi dariya har da hawaye. Ni ina bakin ƙofa, kwanuka a hannu. Na ji duka, na riƙe. Kai ka ma tuna?

Maganin safe — na ba shi? Na ba shi. Farar ƙwayar, saura ja.

Abin da ya zauna... To wa ya zauna? Wa ya rufe shago, keken ɗinki na can yana tsatsa? Wa ya yi ta ce wa bawan Allahn nan mai neman aurena ya ƙara haƙuri, har ya daina zuwa? Ba gori nake yi ba. Ko gorin ne?

Idan baki ya kuskure, a ina albarkar take sauka — kan da aka dafa, ko wanda aka nufa? Wa zan tambaya? Wanda ya sani ga shi nan, bango yake kallo.

Jira yake. Ba ya ɗauke hannu sai ya ji amsa.

"Na ji ka yi shiru, ɗana."

"Amin, Baba."

Ya yi murmushi. Wannan muryar... yaushe na fara kaurara ta haka? Ba yau ba ne, ba jiya ba. Tawul na ɗiga a cinyata, ina ta laluben yadda tawa take faɗin amin...