Wuƙar da Ba a Ba Yazid Ba

A gidan Nomau mahauci da ke unguwar Adjamé, duk ɗan da ya kai shekara goma sha biyu, uban kan ba shi wuƙa tasa ta kansa. Fatihu ya samu, autansu Nasiru ma ya samu. Yazid, babban ɗa, har ya kai shekara ta uku a jami'a ba a ba shi ba, kuma a ganinsa ya san dalili.

Yana ɗan shekara bakwai ya shigo kasuwar Treichville a guje, takardar sakamako a hannu, yana kiran Baba. Uban na saran ƙashi a kan kututture. Gatarin ya sauka, yatsun uban biyu suka tafi. Tun daga ranar, da Yazid ya matso teburin nama sai a ce masa koma gida. Gaisuwa kaɗai ta rage tsakaninsu, ita ma a tsaitsaye.

Wata Asabar da hantsi ya hau bas ya ƙetare gada, ya je ya tsaya gaban teburin uban.

"Baba, gafara na zo nema."

"Ka faɗi jarrabawa ne?" in ji Nomau, yana yanka.

"Yatsun nan. Ni na kira ka ranar."

Malam Haladu, mai teburin gefe, ya tuntsire da dariya har ya dafa sikeli. "Wane kira? Ƙwallo yake saurara a rediyo, ɗana. Aka zura wa ƙungiyarsa ƙwallo, ya waiwaya zai zagi mai tsaron gida."

"Haladu, rufe bakinka."

"Shekara goma sha huɗu ina rufewa, maƙwabci."

Nomau ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya daɗe yana kallon ɗansa.

"Ban ma san kana wurin ba sai da na ji kukanka. Wannan ka ɗauko a ka tun ranar?"

"To me ya sa ba ka ba ni wuƙa ba?"

"Na ɗaya ka zo a takardar nan. Da jininta da komai tana cikin akwatin uwarka. Yatsu takwas sun ishi mahauci. Kai goma kake bukata."

Ya tura masa kujera da ƙafa, ya miƙa masa mafici.

"Zauna nan kusa da ni ka kore ƙuda. Ko shi ma sai an koya maka a jami'a?"

Yazid ya zauna. Har aka kira azahar, ƙuda ko ɗaya bai sauka a kan naman ba.