Baturiya Cikin Akurki

"Yaya, wani abu na caka min ƙafa a cikin rigar nan!" Bushira ta ƙwalla ihu daga kan dutse.

"Kar ki motsa!" in ji Armaya'u, idonsa manne da kyamara. "Rana ta kusa faɗuwa."

Hoto na goma sha biyu ke nan, na ƙarshe. Gobe ranar kasuwar Batsari zai rataye su a tsohon gidan kallon marigayi babansu, inda aka yi ta haska wani fim ɗin Amurka na mutanen da, har kaset ɗin ya tsinke. Tsohon ba ya jin Turanci, amma ya haddace sunan daraktan, yana ce masa "Malamina". Da Armaya'u ya ji daraktan ya rasu, sai ya yi alwashin maimaita fim ɗin a hotuna da mutanen garinsu. Amalanke da wani san aro suka maye gurbin keken doki. Rigar baturiya mai kumburi kamar rumbu kuwa, akurkin kajin Gwaggo Zuwairatu suka aro, ƙanwarsa Bushira ta shige ciki har ƙugu, aka lulluɓe da labule.

Saura dariyar da jarumar ta yi a ƙarshen fim. Kwana uku yana fama, Bushira sai yaƙe take yi.

Abin da suka manta shi ne, kaza ta san ɗakinta, ga magariba ta kawo kai.

"Kaza ce! Wallahi har da 'yan tsakinta!"

Sai ga Gwaggo tana haki. "Kai ɗan nema! Aron awa ɗaya ka ce mini. Tun la'asar baiwar Allah ke bin sawun ɗakinta."

"Gwaggo, ki yi mini rai, yanzu zan gama."

"Baturiyar taka ita ma da akurki take yawo?"

"Nata na ƙarfe ne."

"Ikon Allah! To ita kajinta ina suke kwana?"

Bushira ta tuntsire da dariya, kai ya koma baya, hannu riƙe da gefen labulen, rana ja jawur a bayanta.

Ƙyas!

Armaya'u ya duba hoton, ƙwalla ta cika masa ido. Sak jarumar nan, sai dai 'yan tsaki huɗu da ke leƙowa ta ƙasan riga. "Da Baba ya ga wannan..."

Bai ƙarasa ba wani babur ya tsaya. Wani dogon mutum mai malfa ya sauko, ya yi sallama, aka gaisa, sannan ya miƙo waya.

"Kai ne mai hoton amalanken nan da ke yawo a wayoyi?"

"Ni ne, Malam."

"Madalla. Jan san nan mai karyayyen ƙaho nawa ne. Wata guda ina nemansa tun daga Tsaskiya. Wa ya ba ka shi?"

Armaya'u ya juya ya kalli Gwaggo, wadda ita ce ta samo masa aron san.

Gwaggo ta sunkuya, ta shiga lallashin kazarta.