Neftun a Ƙofar Gareji

Bakin igiyar awon na hannuna lokacin da Malam ya sulale a jikin katangar mai kemis, ya zauna daɓas a ƙasa. Gwangwanin fentinsa ya tuntsure, shuɗin ya gangara cikin kwata. Ya yi tari har sai da na ga jini a gefen bakinsa. Da ya samu numfashi, abin da ya fara tambayata shi ne ko na riƙe alamar inda muka tsaya.

Ni tela ne, shagona na kallon ƙofar gidansa. Shi kuwa tsohon malamin kimiyya ne, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Tun da likita ya gaya masa huhunsa ya gama aiki ya tsiri wannan abu. Ya zana rana a ƙofarsa, girman murfin tukunya, ya ce zai jera duniyoyin da ke zagaye ta a katangun layinmu, kowace da girmanta da nisanta yadda awo ya bayar. Ni ya ɗora wa jan igiya, wai tela ba ya wasa da awo. Na bar ɗinkin mutane ina bin tsoho da gwangwani, matata ta ce mu biyun duk asibiti ya kamata a kai mu.

Mekuri ɗigo ce da sai ka matsa ka gani. Zuhura, wadda ya ce ta fi kowace zafi, ta faɗo a tagar maƙwabcinsa. Duniyarmu, da duk wani mai taƙama a cikinta, ko kan ashana ba ta kai ba. Ga Mas ja, saboda tsatsar da ke cikin ƙasarta. Daga nan tafiya ta miƙe. Jufita, babbarsu, kamar maɓallin kwat take a bangon mai aski, Satun da zobenta na ƙanƙara tana can gaba da famfo. Ranar da ya sulale, Yuranus muka je sawa, wadda ya ce a kwance take juyawa kamar wadda aka hankaɗe.

Saura Neftun, kuma kowa a layin ya san inda za ta faɗo: ƙofar garejin ɗansa. Na riga kowa ganewa, domin a gabana ya goge ranar da ya fara zanawa, ya sake wata ƙarama, ya yi ta lissafi har awon ya dire a wannan ƙofa.

Ɗan nan shi kaɗai gare shi. Yana saurayi ya bar makaranta ya kama kanikanci, Malam ya tsaya a tsakiyar layi ya ce kada ya sake taka masa gida. Yaron ya ɗauko taurin kan ubansa kaf, bai rage komai ba. Yanzu har ya fara furfura, a layi ɗaya suke, amma ko uwarsa zai gani sai dai ta je garejin. Haushin su biyun nake ji, kuma tausayin tsohon ya fi ƙarfina.

Bayan mun ɗauko shi muka kwantar, bai ƙara fita ba. Ɗakin sai warin magani, ga tukunyar iska a gefen gado tana huci, matarsa na zaune da roba da tsumma. Ya aike ni in nemo izinin ɗiga fenti a ƙofar garejin, girman ƙwayar wake. Na ce masa ya bar zancen wake, ya ce wa yaron ya zo kawai. Ya juya fuska bango, ya ce shi aikin kimiyya yake yi.

Na sami ɗan yana wanke fulogin mota da fetur. Ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya tambaye ni wace iri ce ita Neftun ɗin. Ni kuma na karanto masa yadda aka koya min: ita ce can ƙarshe, duhu da sanyi da iska mai ƙarfi, daga can rana kamar tauraro ake hango ta, kuma mutum zai tsufa ya mutu ba ta gama zagaye ɗaya ba.

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Wato nan ya ajiye ni. Baba Tela, har yanzu darasi yake ba ni. Ka ce masa ƙofar ba ta buƙatar fenti."

Na kawo saƙon yadda aka ba ni. Malam ya ƙura wa silin ido. Can ya ce na bar rabin darasin a hanya. Duk nisan nan, in ji shi, rana ba ta taɓa sakinta ba, da ta sake ta da tuni ta ɓace cikin duhu. Na ce to shi ya faɗa wa ɗansa da bakinsa, ni ba allon makaranta ba ne. Sai tari ya sarƙe shi.

Haka aka yi ta jan kwanaki, yana ƙanƙancewa a kan gado, abinci ba ya wuce masa. Wata rana da hantsi ina kan keken ɗinki matarsa ta leƙo ba ko mayafi, ta yafito ni. Na same shi idanu sun faɗa, numfashin na fita da ƙara. Ya kama hannun rigata.

"Tela, rabu da fentin. Ka ce masa ya shigo. Ni na ce."

Rabona da gudu tun ina saurayi, amma ranar na yi. Na tarar da ɗan a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na durƙusa na faɗa masa kalma bayan kalma. Ƙarar sifana ta tsaya. Ya ce in bari ya ɗaure wannan notin, mota ba a barin ta a kan jak. Na san ba notin ba ne, neman inda zai sa fuskarsa yake. Ya fito, ya goge hannu, ya sake gogewa, sannan muka kamo hanya. Da farko a hankali yake tafiya, daga baya ya bar ni a baya.

Yana daidai bangon mai aski, ni ina wajen famfo, muka ji kukan uwarsa.

Da na iso, mutane sun fara taruwa, ana ta shiga da fita. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, hannayensa baƙi ƙirin da mai. Na dafa shi na ce ya shiga, an ba shi izini, ni shaida ne.

"Kai ka ji," ya ce. "Ni ban ji ba."

Ya sunkuya ya kwance takalman aikinsa, ya jera su a gefen dakali. Ya tsaya da safa a kan simintin, mutane na raɓa shi suna wucewa ciki.