Shirdak Mai Ɗan'uwa

Zaren da ke naɗe a ƙotar wuƙar Kaka Burul ya fara warwarewa. Jikarta Begimai ta lura da shi ne sa'ad da take jera kofunan shayi, ta ce a ranta za ta gyara in baƙo ya tafi. Wuƙar tana rataye a ƙusa tun bara, ranar da tsohuwar ta yanka shirdak ɗinta na ƙarshe, wato dardumar matsattsen ulu, ta ce idanunta sun gama aiki.

Baƙon, Ermek, dillalin da ke sayar wa ƙungiyar matan garin At-Bashi dardumominsu ne, kuma bai taso daga babban birni Bishkek cikin ƙanƙara don shan shayi ba. An zaunar da shi can ƙurya, mazaunin manyan baƙi, a kan shirdak shuɗi mai jajayen ƙahonin rago. Bai san a kan maganar da ta kawo shi yake zaune ba. Begimai ta sani.

Ita ce mai riƙe da wayar ƙungiya tun da ta gama jami'a. Duk dardumar da aka gama, sai ta ɗauki hotonta, ta rubuta sunan mai ɗinki, ta buga mata shaidar da ake kira NFT a wani kundi na intanet da ba mai iya gogewa. Kuɗin bugawar bai kai na burodi ba. A bayan dardumar a ɗinka 'yar alama, mai saye ya haska da waya ya ga asalinta. Da haka suka tsira daga kayan inji da ake sayarwa da sunan garinsu.

Wajen buga ta Kaka, jar mai shuɗin ƙaho, an tambayi adadi, Begimai ta rubuta: ɗaya tak. Ba ta ɗauke shi ƙarya ba. Kowa a nan ya san ana ɗora matsattsen ulu ja a kan shuɗi ne a yanka lokaci guda, a musanya gutsattsarin, darduma biyu su fito, kowace juyin 'yar'uwarta. Wa zai ce ja shuɗi ne?

Wata mata a Seoul ta ce. Ita ta sayi jar, sannan ta hango shuɗin a wani hoton ƙungiya, ta yi ta aiko da saƙo cewa an yaudare ta.

Ermek ya ci soyayyar fulawa ya yaba, ya tambayi lafiyar tumaki, ya jima yana kewaye-kewaye kafin ya zo kan zancen. Kasuwar da suke tallata kaya ta ba su zuwa ƙarshen mako. In ba a sasanta ba, za a manna wa sunan ƙungiyar alamar zargi, kuma aikin hunturun dukan matan zai zauna a ɗaki. Begimai ta ce ko a buga wa shuɗin tasa shaidar, a bayyana cewa tagwaye ne. Ya ce a buga dubu ma, ta farko tana nan tana cewa ɗaya tak. Magana zarar bunu ce.

"Wai ina dardumar take ne, Kaka?" ya tambaya.

"Ɗaga ƙafarka, ɗana," in ji tsohuwar. "Tun ɗazu kake ɗiga mata zuma."

Ya zabura ya janye gwiwoyinsa kamar ya taka garwashi. Kaka ta yi 'yar dariya, ta tambaya ko matar ba ta taɓa ganin tagwaye ba ne, ko a ƙasarsu in an haifi biyu sai a mayar da ɗaya.

Bai yi dariya ba. Ya ce matar ta so a ƙone shuɗin a gaban kyamara, shi ya lallashe ta har ta yarda a naɗe, a kulle a rumbunsa na Bishkek, kada a ƙara shimfiɗawa ko nunawa.

"To, ba ni za ka tambaya ba," in ji Kaka, tana tsince wani gashi daga gefen dardumar. "Ba tawa ba ce. Ta wannan mai danne-dannen waya ce. Na ce in Allah ya kawo wanda zai iya da shirunta, kada ta shiga gidan mutane da dardumar kasuwa."

Begimai ba ta taɓa jin wannan ba. Ta dubi ƙahonin da ta sha takawa da safa, ta ga wuraren da ɗinkin ya karkace, inda idon tsohuwar ya gaza yatsunta suka ƙarasa da lalube. Ta tuna maƙwabciyarsu Kanishai, wadda ta kwashe hunturu tana murza zare da hannu mai tsagewa, tana jiran bazara. Wayar da ke aljihunta ta yi girgiza, wani saƙon matar Seoul ne.

"Ƙanwata," Ermek ya ce a hankali, "hanya za ta rufe in yamma ta yi."

Ta so Kaka ta ce wani abu, ko faɗa ne. Tsohuwar tana hura shayinta kawai.

"Naɗe ta, Yaya," Begimai ta ce, da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji.

Suka kwashe kofuna. Ya kama gefe, ta kama gefe. Da dardumar ta tashi, katakon ƙasan ya bayyana fari sol, kamar ba a taɓa zama a wurin ba.

Kaka Burul ta shanye shayinta, ta shafa fuska, ta dafa bango ta miƙe. Ta laluba ƙusa ta sauke wuƙar, ta ɗauki guntun allin zana ƙaho a bakin taga. A ƙofa ta zura takalmanta na roba, ta nufi rumfar da ake ajiye ulu, zaren ƙotar yana reto a bayan hannunta.