Kamfani na Uku

Auta ta danna maɓalli, shafi na gaba ya hau allon bango, sai a lokacin idonta ya faɗa kan Yaya. Yana can layin baya kusa da ƙofa, cikin riga sabuwa dal mai karin guga, ya ɗora manyan hannayensa a gwiwa kamar wanda za a ɗauka hoto. Ita fa ba ta gayyace shi ba. Ashe matarsa ce ta tsegunta masa cewa yau Auta za ta gabatar da bincikenta gaban malamai, shi kuwa bawan Allah ya baro shagon kafintancin Baba, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba, ya taho ganin "Daktar gidanmu".

Binciken a kan sana'o'in gado ne: yadda uba ke miƙa ragama, da wanda yake miƙa wa, da abin da ke sa wani wuri ya sabunta wani ya tsofe. Ta yi hira da masu kamfanoni da dama, kowa ta yi masa alkawarin ba za a gane shi ba. Da ɗayansu ya janye a ƙurarren lokaci, sai ta cike gurbin da nasu na gida. Baba ya zauna a kan wani benci da bai gama gogewa ba, ya zazzage mata cikinsa kan Yaya da ƙanensa mai bi masa, har abin da bai taɓa faɗa wa Inna ba.

Ta yi iya yinta wajen ɓad da sawu. Kafinta ya koma mai ɗinkin takalma, shagon ya zama "Kamfani na Uku", 'ya'yan ma ta ƙara musu biyu. Amma Farfesa, mai duba aikinta, ya kafe cewa maganar wanda aka yi hira da shi ba a taɓa ta, ko tari ya yi a rubuta. To ga ta nan ɓaro-ɓaro a allo:

"Babban nawa ya iya aiki, amma aikina ya iya, ba nasa ba. In na bar masa, wurin nan tare za su tsufa. Ƙaramin zan ba, mai son injunan nan, kin ji ko ba ki ji ba."

Kin ji ko ba ki ji ba. Duk wanda ya taɓa wuni a gidansu ya san bakin wa ke nan. Da ita Baba ke rufe kowace magana, har jikoki na kwaikwayonsa a bayan ido. Sau nawa ta karanta layin nan ba ta lura ba, don kunnenta ya riga ya saba.

Yaya ba mai saurin karatu ba ne. Tana kallon laɓɓansa suna bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har suka kai ƙarshe suka tsaya. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Bakinta dai ya ci gaba da zuba shi kaɗai, shugabanci, sabunta sana'a, amma zuciyarta na can cikin motar shago. Yayan nan ne ya riƙa kai ta wuraren hirar, ya jira ta cikin rana ba ya ko tsaki. A hanya yana ba ta labarin rumfar da zai yi wa ma'aikata in Baba ya huta. Ita kuwa, da maganar Baba a cikinta, sai ta ce masa Allah ya kai mu. Wallahi ta ji kunyar kanta.

Malamai suka yaba. Wani mai furfura ma cewa ya yi Kamfani na Uku ne ya fi burge shi, don mai shi bai yi rufa-rufa ba. Aka tafa, Yaya ma ya tafa.

A waje ya karɓi jakarta kamar kullum, ya buɗe mata ƙofar mota ta ciki, don hannun waje ya daɗe da karyewa. Motar na ƙamshin katako da gam. Suka bi layin motoci a hankali, ya ce ta yi ƙoƙari, ya ce Inna za ta ji daɗi. Ta so ta ce ba Baba ba ne, ta so ta ce ya yafe mata, sai ta ɓige da kallon taga.

Sai da fitilar kan hanya ta tsayar da su ya sake magana, idonsa na kan titi.

"Auta, su manyan da aka tsallake ɗin nan, a binciken naki, me suke yi?"

Ƙarya ta zo mata har baki, amma ta gaji da ita.

"Yawanci zama suke yi, Yaya. Su ci gaba da aiki a ƙarƙashin ƙanen."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Na baya suka fara danna musu oda, bai ko waiwaya ba.

"Kada ki gaya wa Baba na zo," ya ce. "Ki bar shi ya faɗa mini da bakinsa."

Ya sa giya. A mararraba, maimakon hanyar gida, sai ya karya kan motar ya nufi shago, ya ce akwai gadon wata mata da ya yi alkawarin gamawa yau. Ya ɗan yi murmushi, irin wanda yake yi in guduma ta sami yatsansa a gaban mutane.

"Kwantar da hankalinki, Dakta. Ba zan ɓata miki bincike ba."