Abin da Ya Bi ta Cikin Inji

"Abin da ya bi ta cikin inji ba ya mutuwa," in ji Malam Gwadabe. "Mai gona ya mutu, dagaci ya mutu, shaidu su mutu. Kwafi kuwa sai tashin alƙiyama."

Yana kwance a zaurensa, kwana tara ke nan ko kunu ba ya zama a cikinsa. Mudi, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, ya ce, "Haka ne, Malam." Ba a musu da marar lafiya, balle wanda ya yi shekara ashirin da shida yana kula da injin faks a wani ofishin gwamnati. Ranar da aka daina amfani da injin aka sallame su tare. Malam ya goyo shi a acaɓa zuwa Kiru, ya ɗora shi a tebur, ya lulluɓe shi da ƙyalle kamar amarya.

Mudi dubiya ya zo, amma da ƙaiƙayi a ransa. Mamman, wanda gonarsa ke jikin tasa a Badafi, ya tashi ya ce kunya huɗu ta gabas gadon kakansa ce. Dagaci ya ce ranar Alhamis kowa ya kawo takarda. Takardar Mudi ta asali, mai hannun tsohon dagaci da shaidu uku, duk marigaya, ruwan yoyo ya narkar da ita tun tuni. Bai damu ba a lokacin, don Malam ya riga ya zura ta a inji ya adana kwafi.

"Malam, takardar nan tawa fa."

"Wacce? Ta fayil ko ta memori?"

"Ta gona, Malam."

Malam ya yi tsaki mai rauni. "Ka fahimta, ba sikanin na yi mata ba. Sikanin daban, firintin daban, faks daban. Jahilai ke haɗa su. Faks, ka zura takarda a nan, ta bi waya ta fito a Kaduna, alhali tana hannunka."

"To tawa tana Kaduna ke nan?"

"Babu layi ran nan. Kwafi na danna."

"Ashe tana nan."

"Ina za ta? Ka ce wa mai ɗakina Tasalla, gwangwanin madara." Ya lumshe ido, sannan ya ce, "Mudi, netwok ya yi ƙasa."

Mudi ya zaro wayarsa ya duba, ya ga sabis cike. Ya mayar da ita aljihu.

Washegari Litinin, bayan azahar, Malam Gwadabe ya cika. Matarsa Tasalla ta ce kafin ya yi kalmar shahada sai da ya tambaya ko an rufe injin.

Ranar Laraba, da aka watse daga sadakar uku, Mudi ya yi sallama, ya yi gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ambaci gwangwani. Tasalla ta miƙo shi ta bayan labule. Cike yake da takardu a nannaɗe, masu santsi kamar leda, kowacce da sunan mai ita da fensir a baya. Rabin unguwa na ciki. Mudi ya warware tasa.

Fara ce fat.

Ya juya ta. Ya ɗaga ta sama. Ya warware ta liman, ya warware ta mai shayi, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Sai ya yi tunanin wataƙila rubutun ya koma memori ne, sai inji zai kira shi ya fito.

A bakin tasha akwai shagon Raihana, mai kwamfuta da firinta da sikana, da janareta da ya fi su duka magana. Ta shafa takardar da yatsa.

"Baba, wannan ta faks ce. Babu tawada a jikinta. Zafi ne ke yin rubutun, zafi kuma ke goge shi. Shekararta nawa a ɗakin kwano?"

"Goma sha biyu. Ki sa ta a inji dai, 'yata."

Ta sa ta a sikana don kada ya ce ta ƙi. Haske ya bi ta ƙarƙashi ya dawo. Firinta ta yi kaki, ta turo farar takarda mai ɗigo ɗaya a kusurwa, wanda ko dangwalen dagaci ne ko kashin ƙuda, Allah ne masani.

"Ba ya cikin netwok?"

"Wane netwok, Baba?"

"Wanda ya yi ƙasa."

Raihana ta dube shi, ta dubi takardar, ta ce, "Allah ya jiƙan Malam."

Ranar Alhamis Mamman ma bai zo da takarda ba, amma ya zo da baffansa mai shekara tamanin da murya. Dagaci ya ce, "Mudi, ina taka?" Tana aljihunsa, hannunsa na kanta. Ya san in ya fito da ita, kafin la'asar labari ya isa Kiru cewa mutumin da aka binne kwana huɗu fararen takardu ya yi shekaru yana gadi, kuma masu sunaye a gwangwani za su yi layi a ƙofar matar da ke takaba.

"Ranka ya daɗe, a bar wa Mamman."

Da yamma ya mayar da gwangwanin. Tasalla ta ce ta bayan labule, "Malam Mudi, ta yi amfani kuwa?"

"Ta yi. An gama magana."

"Alhamdu lillahi. Da ma ya ce aikinsa ba ya ɓaci."

Da sassafen Juma'a Mudi ya saɓa fartanya zuwa Badafi. Ya tono gambar iyaka gindi-gindi, ya ƙirga kunya huɗu zuwa yamma, ya sake dasa ta, yana danne ƙasar da diddige don ta kama.