Maganin da Baba Ya Roƙa

Auta tana aiki a ɗakin binciken magunguna. Suna gwada wani maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan ɓeraye masu kansar hanta, irin wadda ke biyo bayan taruwar kitse a hanta. A wasu ɓerayen ƙarin da ke hantarsu ya fara motsewa.

Cutar nan ce ta kwantar da mahaifinta, tsohon tela. Ranar da ta kai masa abinci asibiti, ta tarar idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura.

Ya ce, "Auta, innarki ta ce ɓerayenku suna samun sauƙi. Ki ɗan ɗebo mini mana."

"Baba, ba a gwada shi a jikin mutum ba tukuna. Zai iya ƙarasa hantar taka."

"Ashe ɓera ya fi ni gata a wurinki."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tana gyara masa matashi ya kama hannunta.

"Da gaske nake, 'yar nan."

Ta girgiza kai. Ya saki hannun, ya juya fuskarsa bango. Bai sake tayar da zancen ba har ya rasu.

Bayan masu gaisuwa sun watse, tana naɗe tabarmi, Inna ta tsaya a bakin ƙofa.

"Da kin ba shi, da ya tashi?"

Auta ta ajiye tabarmar da ke hannunta.

"Ban sani ba, Inna. Wallahi ban sani ba."